Hannun da Ke Riƙe da Marar Tuwo

Daga Daura, bayan an gama ɗaurin dami.

Zuwa ga Maigidana, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Ikko lafiya, jirgin ƙasa bai karya maka ƙugu ba. Allah Ya tsare ka da tsarewarSa, Ya raba ka da sharrin mota da na ruwa da na mutum mai fuska biyu. Allah Ya sa ka shiga ofishin nan da ƙafar dama, ka fito da mutuncinka kamar yadda ka shiga. Amin.

In ka ga rubutun nan yana tafiya kamar sawun kaza a kan taɓo, kada ka yi dariya. Wata shida kacal na yi a ajin yaƙi da jahilci, shi ma don malamar tana raba sabulu ne. Amma ban yarda kowa ya rubuta mini ba, don a cikin takardar nan akwai maganar da ba ta son kunne na uku.

Ka dai tafi ka bar matarka tsohuwa, ko kuɗin cefane ba ka ajiye ba. Ba komai, na rama a bakin gari. Babu gidan da ban shiga ba daga nan har bakin Kusugu. Mai goro ta tambaye ni wane aiki aka ba ka, na ce kai za ka riƙa zama a teburin da ake raba kuɗin fetur na ƙasa duka. Ta ce, "Shi kaɗai?" Na ce, "Da wasu 'yan rakiya." Ni na san kai ne ƙarami a wurin, shawara za ka riƙa rubutawa manya su sa hannu. Amma mai miƙa wa mai tuƙi gari shi ma yana cikin girki. Yaron da na goya bayan rasuwar ubansa, wanda na sha fitsarinsa a gadon bayana, yau shi ne mai digiri a kan sha'anin kuɗi. Kwana uku ke nan ina tafiya kamar ƙasa tawa ce.

To, yabo ya isa haka, kada kanka ya ƙi shiga hula. Akwai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Ran jajibirin tafiyarka, baffanka Ilu ya taso daga gonar gandunmu ta Sandamu da zabbi biyu don a yi maka liyafa. Bayan azahar kuna ci a zaure, ni kuwa ina bayan ƙyaure. Ba laɓe nake yi ba, tsintsiya nake nema. Na ji kana cewa hatsi ya yi tsada, ma'aikata a birane suna kuka, maganin abin shi ne gwamnati ta ɗebi kuɗin fetur ta shigo da shinkafa da alkama ta jirgin ruwa, farashi ya faɗi.

Ilu ya ce, "In ya faɗi, a kan wa zai faɗo?"

Ka yi 'yar dariyar nan taku ta 'yan boko, ka ce, "Baffa, wannan lissafi ne. Lissafi ba shi da gari, ba shi da dangi."

Ilu ya tsame hannu daga akushi da cinyar zabo a gabansa, ya wanke, ya ce rana tana yi masa. Bai kwana ya raka ka tasha ba. Kai ka ɗauka gajiya ce. Ba ka san ɗansa Hamisu ya ɗaure kayansa tun kafin girbi ba, yana cewa Kano za shi leburancin gini, don abin da ake biyan mai ɗaukar siminti a mako ya fi abin da fartanya ke ba shi a wata. Ilu kuwa ƙarfi ya fara ja baya. In Hamisu ya tafi, gandun da kakanka ya bari ya mutu. Tsadar geron nan da kake son karyawa ita kaɗai ce igiyar da ke riƙe da ƙafar Hamisu a gona.

Ni ba zan ce shawararka ba ta da kyau ba. Ma'aikacin birni shi ma ɗan wata ne, cikinsa ciki ne. Ban san lissafinku ba, kuma ba yanzu zan koya ba. Abin da na ƙi shi ne ka ce hannun mai rabo ba shi da gari. Wannan kam ka shigo gonata, sai ka zauna ka saurara.

Shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da mara a gidan nan. In boko ya mantar da kai, mara ita ce guntun ƙwaryar da ake kwasar tuwo da ita. Kakanka ke buɗe rumbu, amma ni ke faɗa masa dami nawa za a fitar, ni ke raba wa kwano sama da ashirin. Ranar da uwar mijina, Iya, ta gaji ta miƙa mini ita, magana ɗaya ta yi. Ta ce, "Kwanon gona shi ake fara cikawa, don daga cikinsa tuwon baɗi ke fitowa. Mai rabo kuwa ita ke ci ƙarshe." Na ce to. Rabin maganar na ƙarshe na riƙe shi har yau. Rabin farkon sau uku ina karya shi, kuma kowane karo ina ganin ni ce mai gaskiya.

Ni 'yar yunwa ce, Maigida. Ina da kamar shekara bakwai aka yi wata yunwa wadda tsofaffi ba su son ambatonta. Da hannun nan da nake rubuta maka na tona gidan tururuwa don in ƙwace hatsin da suka tara. Ƙanwata da ke goye ba ta kai girbi ba. Na girma, na yi aure, na haihu, amma yarinyar nan mai tonon rami tana zaune a cikina ba ta tashi ba. Da mara ta zo hannuna, ita ta karɓa, ba ni ba.

Shekarun albarka ne, rumbuna cike har wuya. Ni kuwa sai na hau tsuke hannu. Malmala ta koma kamar ƙwan zabo. Rumbun tsimi, wanda ake liƙe bakinsa da laka a ajiye don ranar tsanani, na hana a taɓa shi, na kuma sa a riƙa ƙara masa. Kakanka ba mai yawan magana ba ne. Wata rana ya buɗe akushi, ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Yau ma azumi ake yi?" Ƙaninsa Barau kuwa, da yake abokin wasana ne, ya laƙa mini suna Macijiyar Kusugu, wai ba na bari a ɗiba sai ranar da na ga dama. Sunan ya bi ni har gidajen biki.

Da damina ta zo, maza suna noman farko, kwanon da ake kai musu gona ba ya kai su azahar. Suka riƙa ajiye fartanya tun rana tana tsaka. Ciyawa ta ci rabin gona. Girbi ya zo da ƙaranci. Ka san abin da na ce? Na ce, "Kun gani ko? Da ban yi tattali ba da ina za mu sa kanmu?" Ni na jawo ƙarancin da hannuna, kuma na ɗauke shi shaidar cewa ina da hangen nesa. Shekara uku ana haka. Ranar da kakanka ya ƙi jin maganata ya fasa bakin rumbun tsimi, na sa hannu na ɗago zangarniya, sai ta wargaje ta zama gari. Ƙwari sun riga mu. Shekara uku ina hana 'ya'yana ina kiwon ƙwari. Kaji ne suka ci ribar, su ma sai da suka yi tunani.

Ni tattali nake kiransa, ashe tsoro ne ya yafa mayafi. A teburinku za ka tarar da irina, mai cewa a ɗaure, a ƙulle, kada a kashe ko kwabo. Zai kawo maka hujja daga littattafan Turawa, kuma wata rana shi ne mai gaskiya. Amma ka bincika a hankali ko ya taɓa tona gidan tururuwa yana yaro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Kada ka raina shi, kada kuma ka bar shi ya tsuke kwanon masu noma ya ce maka ajiya yake yi.

Yanzu ga Barau, Allah Ya jiƙansa, ya iya dariya. Shi ba a gidan nan ya tashi ba. A Kano aka raine shi, wajen kawunsa mai fataucin shanu, gidan da tukunya ba ta sauka daga murhu. Bai taɓa ganin gindin rumbu ba. A wajensa rumbu rijiya ce, in ka ɗiba sai ta ƙara kawowa. Ba mugu ba ne, haka kawai idonsa ya buɗe ya ga duniya.

Bayan rasuwar kakanka aka shiga zamanin jefa ƙuri'a, Barau ya ce yana son kujerar majalisar gunduma. Kana da shekara tara a lokacin. Wata hantsi ina surfe, sai ga shi ya zo ya tsuguna gaban turmi kamar mai neman aure.

Ya ce, "Uwargida ran gida. Ashe mutanen garin nan ƙarya suke yi miki."

Na ce, "Wace ƙarya?"

"Wai ke marowaciya ce."

"Wa ya fara faɗa in ba kai ba, ɗan nema?"

"Ni ai wasa nake yi. Su kuwa sun ɗauka da gaske. Jiya har faɗa na yi a kanki. Na ce su bari su gani, matar yayana in ta buɗe hannu sai Daura ta ƙoshi."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Amma taɓarya ta riga ta rage sauri a hannuna, shi ma ya gani. Shekara goma da 'yan kai ana kirana macijiya, Maigida. Ba ka san yadda sunan nan ke ci mini rai ba. Kafin la'asar na sa an fasa rumbun tsimi.

Wata guda cur tuwo yana fita zaure da safe da yamma. Magoya bayan Barau, da masu cewa za su goya, da waɗanda ƙanshin miya kawai ya kawo su. Maroƙa suna tsayawa a bayan katanga suna kiran sunana, "Tabawa giwar mata, mai tuwo ba awo." Ni kuwa ina tuƙi ina rausaya kai. Mu mata ba mu jefa ƙuri'a a lokacin, amma tuwona ya jefa. Barau ya ci.

Na ɗauka shi ke nan, sai a liƙe rumbu. Ina. Waɗanda suka saba ba su daina zuwa ba, har da ƙarin 'yan taya murna. Na ce wa Barau abin ya isa. Ya ce, "In muka rufe yanzu cewa za a yi mun ci mun goge baki. Bari dai watan nan ya wuce." Watan ya wuce, wani ya kama. Ƙofar da aka buɗe don zaɓe ba ta rufuwa bayan zaɓe, don wanda ya ci kujera yana tsoron faɗuwa fiye da yadda ya ji tsoron rasa ta.

Hatsi yana ƙasa, baki suna nan. Ni kuma ba na son maroƙa su canza waƙa. Sai na yi dabara irin ta mata, na fara ƙara wa kunu ruwa. Yau ludayi ɗaya, gobe ƙwarya guda. Kwano bai ragu ba, kowa yana samun cikinsa fal kamar da, har a yi godiya. Sai dai wanda kwano ɗaya ke ƙosarwa a da, yanzu yana neman biyu, ya sha biyun kuma ya tashi ciki na ƙugi. Baƙi suna da gidajensu, su koma su ƙara. 'Yan gida ne ba su da wata tukunyar. A shekarar kuma ruwa ya yi jinkiri. Kafin shuka ta tsaya mun taɓa iri.

Kwanakin bayan nan da aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka haɗa musu da na baya a dunƙule, kowa ya sayi rediyo da babur, gari ya cika da ƙara. Na taya su murna. Amma da na shiga kasuwa na ga takardar naira ta yi yawa a hannun mutane, mudu kuwa girmansa ɗaya, abin da sule biyu ke saya a da yanzu ana kallonka da naira a hannu, sai na yi murmushi na ce, sannu ruwan kununa, ashe kana nan da rai, har ka samu aikin gwamnati. Ni ban san yadda ake buga kuɗi ba, ban san wa ke cewa a buga kaza ba. Amma na san hannun da ke ƙara ruwa, don nawa ne. Ba mugunta ke sa shi ba. Kunyar cewa babu ce, da daɗin kirari.

Don haka in ka ga ana gaggawar buɗe rumbu, ka waiga ka ga wace kujera ake nema. Masu kaki sun ce za su mayar wa farar hula mulki, to za ka ga Barau iri-iri, wasu da babbar riga, wasu da kwat. Masu kakin ma kada ka ɗauka ba su son kirari. Kuma ranar da wani babba ya tsuguna gaban turminka yana cewa duk ofishin nan ba mai kai irin naka, ka tuna da kakarka. Ba kanka yake so ba, alƙalaminka yake so. Fetur ɗin nan damina ce mai albarka, na yarda. Ban dai taɓa ganin damina ta zauna ba ta tafi ba.

Saura ta uku. Wannan ce ta hana ni kiran mai rubutu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A daminar nan da muka taɓa iri, gidan nan ya ji jiki. Tafasa da rama suka fi hatsi yawa a tukunya. Kai kana zuwa elemantare, Hamisu da ya girme ka da shekara ɗaya yana bin ubansa gona. Kana tuna kullum in ka taso makaranta nakan kira ka ɗakina in ce ka karanta mini abin da aka koya muku? Kana tuna faifan da nake ɗagawa in ka gama? Akwai malmala a ƙarƙashinsa, kullum, har aka yi girbi. Ka taɓa tambayar kanka daga ina take fitowa a gidan da manya ke lasar kwano?

Daga kwanon gona nake yanko ta. Rabin mara kowace rana, daga abincin Ilu da Hamisu. In shafe wurin da bayan mara ya yi sumul, in rufe, in aika musu. Na ce wa kaina kai maraya ne, kuma karatu ba ya shiga kai da yunwa. Gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta. Sunan kakanka Malam ke kanka, shi kuwa bai daɗe da barina ba. In na ga kana ci, sai in ji kamar shi nake ciyarwa. Hannuna yana da dangi, Maigida, kuma kai ne danginsa.

Na taɓa jin kana gaya wa abokanka na jami'a cewa ku gidanku ba ku taɓa sanin yunwa ba. Na ci gaba da tsintar wakena. Gidanku ya sani. Kai ne ba ka sani ba, kuma ni na hana ka sani. Daga ɗakina ka wuce makarantar kwana inda ake kaɗa ƙararrawa a zo a ci, daga nan jami'a, daga nan albashi. Tun da ka zo duniya kwano yake zuwa gabanka cike, daga wurin da ba ka gani. Ba ka taɓa tsayawa a bayan buhu ranar kasuwa kana jiran mai saye ya taya ba. A gefen mai ci ka tashi. Shi ya sa da ka ji hatsi ya yi tsada, kukan mai saye ya fara shiga kunnenka, kuma ka ɗauka lissafi ne ya yi magana. Lissafinka yana da gari. Garinsa ƙarƙashin faifaina ne.

Ban faɗa maka don ka ji kunya ba. Kunyar tawa ce, kuma na iya ɗaukar kayana. Na faɗa ne don ka san daga inda hannunka ya karkata. Mai awon da ya san mudunsa ya lotsa ta gefe ɗaya ya fi wanda ke rantsuwa nasa daidai yake.

In ka zauna a teburin nan, kafin ka saurari abin da mutum ke cewa a yi da kuɗin ƙasa, ka san a wane kwano ya ci ya girma. Ɗan mai shago zai ce a buɗe ƙofa kaya su shigo. Soja ƙaho ake busa masa ya zo ya ci, in ya ce a gina abu yau, bai saba jin ana cewa sai baɗi ba. Wanda ya daɗe a ƙasar Turawa zai auna ku da mudun can. Kowa zai rantse don ƙasa yake yi, kuma yawancinsu ba ƙarya suke yi ba. Ni ma don gida na yi duka abin da na yi. Gida yana bukatar macijiya, yana bukatar Barau, amma kada a bar ɗayanmu shi kaɗai da bakin rumbu. Ka kuma duba wanda babu shi a teburin. Na tabbata ba mai kanta a tafin hannu a cikinku.

Abin da nake so ka yi mini ba shi da yawa. Duk takardar da za ka rubuta a kan farashin abinci, ko haraji, ko ƙarin kuɗi a hannun mutane, ka sa tambayar baffanka a ƙasanta, in ya faɗi a kan wa zai faɗo. Ka amsa ta da sunan mutum, ba da lamba ba. In manya sun soke, sun soke, kai dai ka rubuta. In dole ne a shigo da shinkafar, a shigo da ita, amma ka tambaye su me aka zuba a kwanon gona tukuna. Sannan ka rubuto wa baffanka wasiƙa da hannunka, ba da injin ofis ba.

Kada ka ce tsohuwa ta iya aike ita ba ta zuwa. Jiya na hau motar kasuwa na tafi Sandamu, ƙashina yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na tarar da Ilu a gindin rumbu yana jera dami, Hamisu yana miƙa masa. Na ce su sauko ina da magana. Na faɗa musu duka, faifai da mara da shafe wuri, ban rage komai ba. Shekara kusan ashirin ina ɗauke da abin. Na gama ina jiran a yi mini abin da ya dace da ni.

Ilu ya karkaɗe hannu ya ce, "Inna, wannan ce maganar da ta hau da ke mota?"

Na ce, "Ita ce."

Ya ce, "Ai kwanon da mutum ke ci kullum ya san zurfinsa. Tun kwana na biyu na gane."

Na ce, "Ka gane ka yi shiru?"

Ya nuna Hamisu da haɓa. "Wannan ne ya so ya yi magana. Ya ce Baba, tuwon nan an taɓa shi. Na ce masa ci ka yi shiru, taki muke zuba wa wata gonar."

Hamisu ya yi dariya ya ce, "Ni dai na ce gonar nan ta cika cin taki."

Ni da na je da hawaye a shirye sai na rasa inda zan ajiye su. Shekara ashirin ina ganin na yi wayo, ashe sadaka ake ba ni ina ɗauka sata ce. Na ce wa Ilu to fushin da ya yi da kai fa? Ya ce shi bai yi fushi ba, maganar ce ta tsaya masa a wuya, cinyar zabo ta ƙi wucewa. Ya ce, "Yaron namu ne, Inna. Duk ranar da aka ambaci teburin nan a rediyo nakan ce da masu shan inuwa akwai tuwona a wurin."

Na juya kan Hamisu na ce Kano fa? Ya sosa ƙeya, ya dubi ubansa, ya ce ya kwance kayan. Damina ɗaya zai ƙara. Ya ce yana so ya ga abin da gonar da aka zuba wa takin za ta yi.

To ka ji. Ban taɓa alfahari da gidan nan kamar jiya ba, har ranar da ka zo da digirinka. Ina da ɗa a gindin rumbu wanda ya fi ni sanin rabo, ina da jika a teburin ƙasa. Wace tsohuwa ce a Daura za ta haɗa kafaɗa da ni?

Direban da ke kai shanu Ikko zai ba ka takardar nan tare da ɗan buhu. Gero ne na bana, Hamisu ya sussuka, Ilu ya ɗaure bakin. Ya ce in gaya maka wannan bai hau jirgin ruwa ba. Ka samu mai yi maka kunu da shi, ka tsaya a kanta kada ta cika ruwa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi haka. Allah Ya tsare hannunka daga abin da ba naka ba, Ya tsare kunnenka daga maroƙa, Ya kai ka lafiya Ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla, ka riƙa rufe ƙirjinka in iskar teku ta taso. Kada kuma hasken Ikko ya mantar da kai kana da mata a Daura mai haƙora huɗu, biyu ma suna girgiɗi.

Damina ɗaya aka ba ka, Maigida. Ka fara cika kwanon gona.

Wassalam.

Ni ce matarka ta fari,
Kakarka Tabawa.